Da Kyanwa a Kwandon Goro Zuwa Shasha

Mun tashi da asuba daga unguwar Sabo ta Ibadan, jama'a na fitowa daga masallaci, ni da ƙanen mijin yayata, ɗauke da kwandon goro wanda babu goro ko ƙwaya a cikinsa. Abin da ke ciki farar kyanwa ce mai suna Goriya, za mu kai ta wurin wani likitan dabbobi can wajen Shasha.

Mijin Yaya fataucin goro yake yi, ya rasu bayan ƙaramar salla. Goriya tasa ce. A zaurensa ta girma, kuma cikin kwandunan goro take barci saboda sanyin ganyen da ake shimfiɗawa. Ba a daɗe da rasuwarsa ba ta daina cin abinci, kumatunta ya kumbura, yawu na zuba. Matan gida suka ce kewa ce, maigidanta za ta bi. Yaya ta ji su. Ita ma sai ta fara mayar da kwanonta a rufe, ta kuma daina dama furar da take sayarwa. Tana cikin takaba, ba fita, don haka tafiyar ta faɗo kanmu.

Maƙwabta sun ce a sa ta a buhu, kamar yadda aka saba. Yaya ta ce wanda zai yar da kyanwa shi ke sa ta a buhu. Sai muka ɗauko kwandon da take kwana a ciki, muka shimfiɗa sabon ganye da tsohuwar rigar marigayin, muka rufe da zanen Yaya, muka ɗaure, muka bar wa iska hanya. Jajiberin tafiyar kuma na kai wa Yaya rikodata. Na ce, "Yaya, ki kira ta kawai yadda kika saba. In ta firgita sai mu kunna mata." Ta ce in ajiye in ba ta wuri. Na karɓi kaset ɗin ban saurara ba.

A Mokola gari ya riga ya farka. Masu ƙosai sun hura wuta, masu burodi na bin tagogin motoci, motocin haya na danfo na ta kiran masu zuwa Ojoo. Kwandasta na ganin Bahaushe da kwandon goro bai tambayi komai ba, ya fizge shi zai cilla saman mota. Abokin tafiyata, wanda a Ibadan aka haife shi, ya riƙe hannunsa ya yi masa bayani da Yarbanci. Kwandastan ya saki, amma ya ce tunda mai rai ce sai ta biya kuɗin kujera. Muka biya. A cinyata ta yi tafiyar, kwandastan kuma ya sa wani fasinjan a kujerar tata.

Wata mama da ke kusa da ni ta matsa gefe da ta ji abin da ke cikin kwandon. Wani dattijo kuma, da ya shigo a Sango bai ji bayanin ba, ya miƙo hannu yana murmushi a san masa goro. Goriya ce ta ba shi amsa daga ciki. Direba ya ƙure kiɗa, duk lokacin da ganga ta buga sai in ji kwandon yana rawa a gwiwata. Maman nan da ta matsa ita ce ta fara lura. Ta yi wa direba faɗa kamar ɗanta har ya rage.

A Ojoo muka makale tsakanin tireloli. Rana ta ɗaga, hayaƙi ya cika motar, Goriya ta shiga kuka a shaƙe. Abokin tafiyata ya ciro gorar ruwa ya yayyafa wa zanen, yadda suke yi wa goro kada ya bushe a hanya. Kukan ya lafa.

Tun kafin a ga Shasha ake jin ta a hanci: albasa, tattasai, da tumatir ɗin da ya sha hanya daga Arewa. 'Yan dako na sauke kwanduna, Hausa ta ko'ina, Sakkwatanci a nan, Kananci a can. Kowa na kukan tsadar mai ta taɓa komai, har shayi. Abokin tafiyata ya zauna ya ci amala, tuwon Yarbawa. Ni ƙosai na ci a tsaye, don ban yarda in ajiye kwandon a ƙasa ba.

Asibitin ɗan gida ne mai fili, cike da awaki da raguna, ga wani ƙaton kare yana haushi ba hutu. Muka koma bayan ginin, gindin mangwaro, har aka kira mu. Likitan Bayarabe ne, ya yi aiki a Arewa, yana jin Hausa. Ya rufe ƙofa da taga, ya kwance zanen a hankali, ya ce kada a fito da ita, a cikin kwandonta zai duba ta. Duk da haka yana kai hannu ta kwantar da kunnuwa, ta yi huci, ta kafta masa farce. Ya ce in ta ci gaba a haka sai dai mu dawo wata rana. Ni kuwa na san ba ta da ƙarfin wata tafiyar. Na danna rikoda.

Ashe Yaya ta ɗauka irin kaset ɗin da muke aika wa 'yan'uwa gida ne a madadin wasiƙa. Ta fara da sallama, ta gai da likita, ta tambayi iyalinsa da gajiyar aiki, har da ruwan sama. Likita ya tsaya da auduga a hannu yana dariya, yana cewa, "Lafiya lau, Hajiya." Sannan muryar ta sauka.

"Goriya, mus-mus. Ki yi haƙuri ki bari a duba ki. Ke kaɗai ce har yanzu kike zuwa bakin zaure da magariba kina jiran sa. Ni ma jira nake, ɓoyewa kawai nake yi. Kada ki bar ni da jiran nan ni kaɗai."

Ba wanda ya dubi wani. Goriya ta ɗaga kunne tana neman inda muryar take. Likita ya naɗe ta da zanen, kanta kaɗai a waje, ya yi mata allura, ya buɗe bakin. Ƙayar kifi ce ta soke dasashi, wurin ya yi ruwa. Ya cire, ya wanke, ya naɗe mana ƙayar a takarda. Ya ce, "Ku nuna wa Hajiya. Wannan ce ta hana ta ci. Kewa kuma ba ni da allurarta."

A dawowa tasi muka ɗauka, Goriya na barci har Mokola. Mun shiga Sabo ana kiran la'asar. Yaya ta juya ƙayar a tafin hannunta, ta nuna wa matan gida ɗaya bayan ɗaya. Washegari da safe Goriya ta lashi madara. Yaya na kallon ta ta tambaye ni ko mun kunna kaset ɗin. Na ce, "Likita ya ce yana amsawa, iyali suna lafiya." Ta dube ni jim, ta san mun ji har ƙarshe. Sai ta ce in miƙo mata kwanon kokonta.

Abin da na koya a tafiyar nan shi ne, dabba ba ta san asibiti ba, ba ta san taimako ake so a yi mata ba. Abin da ta sani shi ne wurin kwananta, da ƙanshin mutanenta, da muryar da ta saba ji. Mai kai ta likita ya tafi mata da waɗannan, ya rufe mata ido daga hanya, ya nisanta ta da karnuka. Kaset ɗin kuwa na mayar wa Yaya. Ba ta goge shi ba.