Shekarar da Taubashina Ya Koma Gaishe Ni

Taubashina ɗan Gwaggo ne, ƙanwar mahaifina da aka kai aure Gidan Goga. Ban taɓa jin ya kira ni da sunan da aka yanka mini rago ba. Da muna yara Mai-tumbi yake ce mini, da na girma na zama tela ya mayar da ni Ci-ma-zaune. Ni kuma, da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bawana nake ce masa ko a gaban surukansa. In muka haɗu a kasuwar Talata Mafara mutane har dakatawa suke su ji yadda za mu kwashe. Ya taɓa ɗauke mini takalma a ƙofar masallaci, na taka ƙasa mai zafi har tasha. Na rama, na ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya sa abinsa ya tafi ɗaurin aure.

A ƙarshen wata damina ya iso garinmu, Bakura, da matarsa da 'ya'yansa da tabarmi a naɗe. Ɓarayin daji sun kora masa shanun huɗa, gonar ma ta gagari zuwa. Na share musu ɗakunan da ke bayan shagona. Washegari da safe ina buɗe shago sai ga shi ya tuɓe takalma, ya rage tsawo.

"Malam, an kwan lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Allah shi saka da alheri."

Na waiga in ga ko wani malami ne ya tsaya a bayana. Babu kowa, ni ne Malam ɗin. Na buɗe baki zan ce bawana, na fasa, don mutumin da ke kwana a ɗakinka ba ka ce masa haka. Na amsa gaisuwar ni ma tiryan-tiryan, kamar baƙi biyu a cikin mota. Ran nan ko allura ban iya zura wa zare daidai ba saboda haushi. Shanu sun tafi, na sani, ba ni da ikon dawo da su. Amma na ƙudura a raina sai mutumin nan ya sake zagina.

Bakura kuwa gari ne da ba ya rasa taro, sai na ce to, ga dama. Maulidi ne ya fara zuwa. Shagona ya cika da fararen yadudduka na ɗaliban Islamiyya, iyaye mata suna aiko da saƙon barazana safe da yamma. Ranar zagaye yara suka cika hanya da waƙoƙin yabo, kwanonin shinkafa suna shiga gida suna fita gida. Na ɗinka wa 'ya'yansa kaya, shi kuma na yi masa riga da gangan na matse wuyan, yadda kai ba zai shiga ba sai da daɗewa ana ja. Na zauna ina jira. Can ya fito sanye da ita, ashe matarsa ta farke wuyan ta gyara da hannu. Ya ce rigar ta yi, Allah shi ƙara buɗi.

Da kaka ta yi, ruwan gulbi ya ja baya ya bar rairayi, samari suka buɗe kokawa a wurin da la'asar. Masu kiɗa suka zo, masu rake da dafaffen dankali suka kewaye fili. Taubashina ya yi kokawa da ƙuruciya, ya kuma sha ƙasa sau da yawa, duk ina da labarin. Na ja shi muka je. Da aka kayar da wani dogon yaro na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce faɗuwar nan irin ta mutanen Gidan Goga ce, gado ne. Mutane suka yi dariya suna kallonsa, suna jiran ya mayar. Ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ne, Malam." Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

A cikin rani wani maƙwabcinmu ya ba shi aron fili a bakin ruwa, ya dasa dankali da albasa. Tun duku-duku yake fita, sai la'asar ya dawo da laka har gwiwa, ya tsaya ƙofar shago ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo. Azumi ya zo, muna buɗa-baki tare, ina tura masa ƙosai yana cewa ya ƙoshi. Sallah ta zo, na sake yi masa kaya, ya sake yin godiya. Muka je idi muka dawo, ya riƙe mini darduma.

Ranar su, wato kamun kifi na gayya, na ɗauka buƙatata ta biya. Lokacin da zafi ya yi zafi, ruwa ya tsaya gurbi-gurbi, akan sa ranar da kowa zai faɗa kamun kifi. Gari kaf ya tafi, masu homa da masu gora da waɗanda ba su da komai sai hannu da ƙarfin hali. Ni ba mutumin ruwa ba ne, amma na ari homa na shiga. Ban yi nisa ba santsi ya kwashe ni, na nutse na taso da laka har cikin kunne, hulata tana tafiya ita kaɗai. Wata tarwaɗa da na danne bisa kuskure ta sille ta tsakanin ƙafafuna. Mata da ke kan gaɓa har da riƙe ciki. Na share ido na dubi taubashina. Na ga leɓensa yana rawa, na ce a raina yauwa, fito da ita, ɗan Gwaggo. Ya haɗiye. Ya kamo hular ya matse ta ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Sannu, Malam. Ba ka ji ciwo ba?" Da yamma ya aiko da rabin kifin da ya kama, na ce a mayar masa, shi ke da yara ƙanana.

Bayan nan ya sayar da dankalinsa ya kama ɗan gida a bakin gari, ta hanyar gulbi. Na yi murna, na kuma ji tsoro, don in ya tashi da wannan Malam ɗin a bakinsa, to ya zauna ke nan har mu tsufa. Da layya ya zo ya feɗe mini rago, ya tsire shi a jikin itace kusa da wuta, ya yini yana juya shi. Na ba shi cinya guda. Ya karɓa yana sa albarka kamar limami.

A ranar na shiga ɗakin Inna, mahaifiyata, na zube mata ƙorafi. Tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago ba.

"Kai ka rufe mai baki," ta ce. "Mutum na sanye da rigarka, ɗiyanai na cin tuwonka, da wane baki za ya zage ka?"

"To mi za ni yi, Inna? In bar shi ba riga?"

"Tun da ya zo garin ga, ka taɓa cin nashi? Kifi ya aiko maka, ka maishe mai."

Ta ce in tashi in ba ta wuri, na tare mata haske.

Wata guda bayan layya cika-ciki ya zo, ranar da kowane gida ake dafa abin da ya fi kyau, kowa ya ci sai ya ce ya gaji. Damina ta kankama, gulbi ya cika yana ta ruri. A gidana an yi tuwon shinkafa da miyar wutsiyar ragon layya da aka adana, na ce su ci, ni an gayyace ni. Babu wanda ya gayyace ni. Tun rana ban sa komai a cikina ba. Ana sallame magariba na nufi bakin gari.

Na iske shi a kan tabarma a ƙofar gida, an ajiye masa kwano ke nan. Matarsa ta yanka zakaran da ta kiwata, ba su da wani sai shi. Ya miƙe zai fara ina gajiya, na wuce shi na zauna, na wanke hannu na buɗe kwano. Ya ce bismilla, alhali na riga na kai loma ta uku. Na ɗauki cinya. Na ɗauki ɗayar. Na ce miyar ba gishiri, na ɗaga murya na ce wa matarsa, "Amarya, a ƙaro tuwo, wannan na yara ne." Ta ƙaro tana dariya a cikin mayafi, ina jin ita ta riga shi ganewa. Shi kuwa yana gutsurar tuwo kaɗan-kaɗan yana bin hannuna da ido. Na cinye ƙirji, na tsotse wuya. Cikina ya fara roƙona in bari, na ƙi.

Saura ƙundu. Kowa ya san ƙundu na maigida ne, shi ya sa ya tura shi gefensa ya rufe da ɗan tuwo. Na miƙa hannu na tone shi.

Sai na ji an cafke mini wuyan hannu.

"Kai, Ci-ma-zaune, gidanku yunwa aka yi? Aje shi. Aje shi, don ubanka kawuna ne ba ni zagin shi." Ya murɗe hannun har ƙundun ya faɗi cikin miya. "Shanuna ɓarayi sun kora, zakarana kai ka cinye. Su dai sun bar min kaji. Kai ka fi su rashin imani."

Tun da ya zo Bakura bai taɓa ambaton shanun nan da bakinsa ba sai ranar. Ya faɗa, ya tsaya kamar ya ji abin da ya fito daga bakinsa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda yake yi da, har da buga cinya. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo, ya bar su suna zuba. Ni ma ban san lokacin da nawa suka zo ba, daɗi ne ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a wata Sallah ba.

Na ce, "Bawana, kawo ruwa in sha."

Ya jefa ƙundun a baki yana taunawa, ya nuna mini hanya da haɓa.

"Ga gulbi can ya cika," ya ce. "Tashi ka tai da ƙafarka."