Siminti buhu biyu da na zuba wa garkar Baba a Tit

Shekarun baya, lokacin da ban fi shekara uku da zuwa Tamanrasset ba, na samu aikin gini na farko da aka ce ni ne shugaba. Kafin nan kwaɓa siminti nake yi a unguwar Sersouf, ina miƙa wa wasu tubali. Ranar da aka fara kirana ma'allam, wato gwanin magini a bakin Larabawan nan, wallahi har tafiyata sai da ta canza. Ku yi mini uzuri, ɗan Damagaram ne ya ga an ɗaga shi.

Aikin a Tit yake, wani ƙauye da ba shi da nisa da Tamanrasset. Wani dattijo mai garka, wato lambu, yana son a zagaye masa ita da bango saboda awaki. Tamashek ne harshensa, amma ya yi zaman Agadas yana saurayi, Hausa na bakinsa ras. Baba nake ce masa. Muka tafi ni da abokina, ɗan Maraɗi, wanda ya yi lekkol, wato makarantar boko, har ya kusa gamawa kafin rayuwa ta jefo shi cikin yashi da siminti tare da mu.

Abokin nan nawa yana da wata kalmar Faransanci da ba ta barin bakinsa: domen. Ya ce ofishin da ke kula da filayen gwamnati haka ake kiransa, a darasin lissafi ma akwai ta, masu aikin intanet su ma da tasu. Na ce to wace irin kalma ce wannan mai gida goma? Ya ce duk inda ka gan ta, wuri ne mai iyaka, kuma akwai mai shi. Na ce ai mu fage muke cewa, ba sai ka wahalar da harshenka ba.

A cikin garkar akwai sagiya, hanyar ruwa ce ta ƙasa zalla, ta bi gindin inda muke ɗora bangon har ta kai ga fangalin tumatir da albasa a can ƙarshe. A bakinta akwai ɓaure biyu da rumman uku a jere. Rumman ɗin tsakiya, Baba ya gaya mana muna shan shayi, marigayiya matarsa ce ta dasa shi da hannunta. In ya zo wucewa sai ya shafa ganyen kamar mai shafa kan jika.

Ni kuwa sagiyar nan haushi take ba ni. Ruwa na tafe yana jan ƙafa, rabi na nutsewa a ƙasa, ga ciyawa, ga taɓo. A ƙasar da ruwa ya fi komai tsada! Sai aka yi dace Baba ya tafi duba 'yarsa da ba ta da lafiya a wani gari mai nisa, ya bar wa maƙwabcinsa sakin ruwa. Muka gama bango, buhu biyu na siminti suka yi saura. Na ce wa abokina bari mu yi wa tsoho kyauta, mu shafe masa sagiyar nan tas.

Ya ce, "Ma'allam, wannan fa ba domen ɗinka ba ne. An ce ka yi bango, ka yi bango."

Na ce, "Kai da Faransancinka! Siminti ne fa. Akwai wanda ya fi ni sanin siminti a nan?"

Ya ce, "Siminti ka sani. Ruwa fa?"

Ban saurare shi ba. Kwana biyu muka yi, na shafe ta ƙasa da gefe, sumul. Da maƙwabcin ya saki ruwa, kafin ka ce kwabo ya isa wurin tumatir. Na tsaya na riƙe ƙugu ina jin kamar ni na ƙirƙiro ruwan. Muka hau taksi muka koma gari, ni ina ta lissafa irin albarkar da za a sa mini.

Bayan kamar wata guda, cikin tsananin zafi, Baba ya aiko a ce in zo. Na sa rigar Juma'a, na ja abokina muka tafi, na ɗauka walima ce. Ina shiga garkar na ga aika-aikar da na yi. Ganyen ɓaure ya yi rawaya yana zuba, rumman ɗin duk sun yi yaushi, na tsakiya kuwa ya fi kowanne jin jiki. Ashe ruwan nan da nake cewa yana ɓacewa a ƙasa, shi itatuwan ke sha shekara da shekaru. Ba wanda ke ba su ruwa da guga, sagiyar ce ke shayar da su tana wucewa. Ni na zo na toshe musu baki.

Na tsaya gaban Baba ina jiran zagi. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Ɗana, zauna mu sha shayi tukuna." Kofi uku na sha, ban ji ɗanɗanon ko ɗaya ba.

Sannan ya ce, "Aikinka ya yi kyau, ban taɓa ganin shafe mai santsi haka ba. Amma sagiya ba bututu ba ce. Aikinta ta yi ta rabo a hanya."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Yanzun nan zan farfasa ta duka."

Na ɗauko guduma, ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Tsaya. Da can babu bango a nan. Yanzu akwai. In ruwa ya koma yana nutsewa ta ko'ina, me zai samu gindin bangonka?"

Na duba gindin bangon. Gaskiya ne, damshi zai ci harsashin, shekara kaɗan ya tsage.

Ya ce, "To ka gani. Ni na san abin da itace ke so, ban san abin da bango ke so ba. Wannan kai za ka faɗa, ni in bi."

Jama'a, mutumin da na kusa kashe wa itatuwa, shi ne ke tambayata shawara, kuma da gaske yake yi, ba gatse ba. Kunya ta kama ni, ƙaunarsa kuma ta cika mini zuciya. Na durƙusa na auna, na ce a bar simintin gefen bango yadda yake ya tare damshi, a fasa na ƙasa da na gefen itatuwa. Shi kuma ya bi da sandarsa yana nuna mini inda saiwar kowanne ta bi, yana cewa nan ka buɗe da faɗi, nan kaɗan ya isa. Abokina na kwashe ɓaraguzai yana murmushi, bai tuna mini da maganar domen ba, kuma na gode masa da hakan.

Ɓauren biyu suka farfaɗo, rumman biyu ma haka. Na tsakiya bai tashi ba. Da na koma, a bushe na gan shi. Baba ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, kamar na mai shi." Bai sake tayar da zancen ba har Allah ya karɓi ransa.

Na yi aiki da injiniyoyi masu takardu tun daga lokacin, amma ban ga wanda ya san iyakar saninsa kamar tsohon nan ba. Bai bar mini fagensa ba, bai kuma shiga nawa ba. Yau in mai gida ya ce mini, "Ma'allam, tunda kana nan, ɗan duba mana wayar lantarkin nan," sai in ce a kira mai ita. Wasu na cewa na cika tsoro. Ba su san abin da na binne a Tit ba.

Bara na bi ta garkar, 'ya'yansa ke nomanta yanzu. Sagiyar na nan yadda muka bar ta, gefe guda siminti, gefe guda ƙasa. Kututturen rumman ɗin ma na nan a tsakiya, sun ce Baba ne ya hana a cire. Na tsaya na shafa shi, na yi wa Baba da matarsa addu'a su biyun.