Ranar da Kawuna Ya Ga Tafiyarsa a Talabijin

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, wani tsohon direba ya buɗe gidan kallo a Jega, bayan tasha. Rumfar kwano ce mai benci shida, da talabijin, da bidiyo, da ɗan janareto. Ina koyarwa a firamare a lokacin, kuma da na yi la'asar can nake nufa. Duk fim ɗin da aka gama sai a juyo a ce, "Malam, yaya ka gani?" Ni kuwa in gyara zama in zuba bayani: wannan labarinsa ya tsaru amma an ja shi da yawa, wancan faɗan ƙarya ne, mutum ɗaya ba ya kayar da ashirin. Ina jin daɗin wannan matsayi fiye da kima.

Ina da aboki a Aliero, manomin albasa, wanda ke da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Suka ɗauko mai ɗaukar hoton biki ya naɗa musu wasanni biyu a kaset ɗaya. Na farko na tausayi ne, labarin manomin da albasarsa ta ruɓe a ajiya. Na biyu na dariya, a kan mahaucin da ke ɓoye ƙashi a ƙarƙashin tsoka. Ranar kasuwa abokina ya kawo kaset ɗin da kansa, shi da mutanensa biyar.

Ƙanen mahaifiyata mahauci ne a kasuwar Jega. Yana ɗingishi da ƙafar hagu tun da wani bijimi ya take shi, kuma in zai yi magana sai ya shafa gemu sau biyu. Ban taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi a nama ba. Ranar nan wani ya raɗa masa cewa akwai wasan mahauta, ya rufe teburinsa ya zo da abokan sana'arsa uku.

Wasan farko ya wuce mutane na hamma. Da aka sa na biyu, kawu ya fi kowa dariya, har mahaucin cikin fim ya miƙe zai bi wata mata da canji. Abokina ne ya fito a mahaucin. Ya ja ƙafar hagu, ya tsaya, ya shafa gemu sau biyu. Rumfar ta ɗauki ihu, kowa ya waiga benci na baya inda kawu ke zaune. Kawu ya daina dariya.

Da aka kashe bidiyo, aka ce, "Malam, yaya ka gani?" Abokina na gefena yana murmushi. Na san abin da ya kamata in faɗa, amma na ce, "Na dariyar ya fi. An kwaikwayi mahauci sak."

Kawu ya taso. "Wane mahauci, ɗana?"

Ya juya wajen abokina. "Kai, wanga ɗingishi ina ka gane shi? Yaushe ni saida ma uwarka ƙashi?"

"Baba, wasa ne fa."

Bai rufe baki ba kawu ya naushe shi. Na ji ƙarar haƙori a kan siminti. Mutanen Aliero suka yo kansa, mahauta suka tare su, benci ya kife da waɗanda ke kai. Wani ya fizge ƙafar benci ya kai duka, ya sami talabijin, gilashi ya watsu. Mai gidan kallon na ta salati yana jan janareto waje. Na hango abokina a ƙasa, jini ya wanke gaban rigarsa, kawu ya ɗaga katako zai sauke masa a ka. Na faɗa tsakani na ɗaga hannu. Katakon ya sauka a kaina, ƙashin hannun ya ce ƙas, na durƙushe. Ihun da na yi ne ya tsayar da faɗan.

Kawu da kansa ya riƙe ni a bayan babur har Maiyama, wurin wani maɗori. Ana jan hannun ina kururuwa, shi kuma ya danne mini kafaɗa, hawaye na bin gemunsa. Da aka gama ɗaure hannun da kara ya ce, "Kai da ka yi karatu, hwaɗa mini gaskiya. Wasan ga ya yi kyau?"

Na ce, "Kawu, ya ba da dariya, kuma akwai mahautan da ke yin haka. Amma an ɗauki laifin wasu an sa masa ƙafarka. Nan ya ɓaci."

"To mi ya hana ka hwaɗi haka ɗazu?"

Dattawa suka sasanta su bayan mako biyu. Abokina ya rasa haƙora biyu na gaba, ya goge wasan dariyar daga kaset, bai sake fitowa a wasa ba. Muna gaisawa har yau, amma bai ƙara kwana gidana ba. Kawu kuwa sai da ya shekara yara na bin sa a kasuwa suna jan ƙafa.