Ƙafafun Liatu da Ruwan Jego

A duk ƙauyukan da ke bayan Ƙarfi ba a yi mace mai ƙafa irin Liatu ba. Ba kyau ake nufi ba, tafiya. Takan saɓa buhun auduga a kafaɗa, yadda matan gidansu ke ɗaukar kaya tun kafin zuwan mishan, ta kai Malumfashi, ta dawo, ta kuma shiga gayaunarta, ɗan filin da mijinta ya yanka mata, ta yi noma kafin kaji su shiga akurki. Masu keke kan tarar da ita a hanya su yi mata tayi, ta ce su wuce, sauri take.

Bitrus ya aure ta shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya hana komai faruwa. Uwarsa, Tsohuwa, ba ta taɓa taka coci ba, tana nan kan abin da ta tarar iyayenta na yi, kuma ita ce ungozomar unguwar. Tana son Liatu ƙwarai. A riƙe wannan, don masu ba da labarin yanzu sun mai da ita mayya, alhali ko kazar maƙwabci ba ta taɓa jifa ba.

Da Liatu ta yi haihuwar fari, an yi mata duk abin da ake yi wa ’yar gata. Itacen jego ya kai tsayin danga. Safe da yamma Tsohuwa ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen runhu, ta yi ta fyaɗa mata har fata ta yi ja. A fito a kwanta kan gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, a sha kunun kanwa, a rufe ƙofa kada iska ta shiga. Kwana arba’in ba ta ga rana ba. A mako na biyu idonta na hagu ya yi duhu, ƙafar dama ta zama kamar an ara mata ta wani. Tsohuwa ta ce sanyi ne ya ɓuya, ta ƙara itace. Da damina ta faɗi abin ya saki, Liatu ta koma gona, Tsohuwa kuma ta zaga unguwa tana ba da labarin yadda ruwanta ya kori sanyi.

A haihuwa ta biyu ƙafafu biyun ne suka tafi. Sun dawo, amma ba duka ba. Ta dama ta riƙa jan ƙasa, idan rana ta take kuma sai ta ƙi ɗaukar ta gaba ɗaya. Ranar da ta faɗi cikin kunya da fartanya a hannu, Bitrus ya ɗora ta a keke suka tafi asibitin mishan.

Likitan wani Bature ne dogo, Hausarsa kamar yana tauna tsakuwa. Ya buga mata gwiwa da ɗan guduma, ya ja makulli a tafin ƙafarta, ya leƙa idonta da tocila. Aka ɗebi jini a kwalba aka aika Zariya. Bayan wata guda suka koma, takarda ta ce jini lafiya lau.

“To me ya hana ni tafiya, Likita?”

Ya ce awon da yake so ba a yin sa a nan kusa. Zatonsa ciwon jijiya ne mai zuwa ya tafi, kuma duk zuwan da ya yi sai ya bar wani abu. A ƙasarsu, inda rana ke ƙaranci, yana da yawa. A nan kuwa ita ce ta farko da ya gani. Magani dai babu. Ya ba ta gwangwanin ƙwayoyin man kifi, masu launin zuma, ya ce akwai bitamin a ciki irin wanda jiki ke samu daga rana. Zai ƙarfafa ƙashi, wasu likitoci na zaton yana taimakon jijiya, amma shi ba zai rantse ba. Ya ce ta sha ɗaya kullum, ta kuma riƙa shan hantsi.

Liatu ta yi dariya. “Rana? Likita, ni da rana gonarmu ɗaya.”

“In kin haihu fa?”

Ta ce wannan kam sai bayan arba’in. Sai ya tambayi yadda ake wankan jego, ta faɗa masa, ya ajiye alƙalami. Ya ce zafi abokin gāban wannan ciwo ne. In ta sake haihuwa, ruwa mai ɗumi kawai, ba gadon wuta, a kuma bar ƙofa a buɗe.

A hanya Bitrus ya ce, “Ke za ki faɗa wa Inna. Wannan maganar mata ce.” Ya ci gaba da taka kekensa.

Shekara biyu tana haɗiyar ƙwayar, tana gyatsar kifi, tana komawa a cika mata gwangwani. Da ta ɗauki ciki na uku sai jiki ya yi mata daɗi yadda bai taɓa yi ba, har ta kai gyaɗa Dayi da ƙafa. Ta gama yarda ƙwayar ce ta yi aiki. Ta haifi namiji ana tsinkar auduga, washegari kuwa, da ta ji ana hura wuta, ta ce:

“Inna, a sirka ruwan.”

“A me?”

“A sirka. Likita ya ce zafi ne ke kashe mini ƙafa.”

“Likita! Sau nawa ya haihu? Da bakin nan nasa kamar an yanka kabewa?” Tsohuwa ta ajiye ganyen, muryarta ta sauka. “Liatu, ’yata Atu a Funtua ta haihu, cikin ma’aikata, ba mai dafa mata ruwa. Kwana tara ta kumbura kamar salka. Ni na rufe mata ido. Ba zan rufe na biyu ba.”

Liatu ta ce ta ji, amma a sirka.

Kwana huɗu ta riƙe. Matan unguwa suka yi ta zuwa barka suna toshe hanci tun daga ƙofa, wai ɗanyen jego na wari. Matar fasto ma, da ake zaton za ta goyi bayan asibiti, ta ce ita bakwai ta haifa, duk da ruwan zafi, ga ta nan garau. Bitrus ya tsiri kwana a gona, wai ɓarayin auduga.

Ran na biyar da safe Liatu ta sauko da ƙafa ƙasa, ba ta ji ƙasar ba. Ta mintsini cinyarta, kamar ta mintsini buhu. Ba ruwan zafi, ba gadon wuta, ƙwaya kuwa ko rana ɗaya ba ta tsallake ba, ga shi ciwon ya zo abinsa. Ta daɗe tana kallon ƙafar. Likita ya ce zafi na tayar da shi, bai taɓa cewa rashin zafi zai hana shi zuwa ba, amma wa ke tuna wannan da jinjiri na kuka kuma ƙafa ta mutu? Abin da ta sani, sau biyu an yi mata wanka, sau biyu ta tashi.

Ita da bakinta ta ce, “Inna, ɗora ruwan.”

Tsohuwa ba ta yi mata gori ba. Da gudu ta je, tsohuwa da ita, ta rama kwana huɗun da aka yi asara. Ruwan ranar ko kaza aka tsoma sai ta fige. Da ƙafa ɗaya Liatu ta shiga bayan ɗaki, mata biyu ne suka fito da ita a ɗauke. Aka kwantar da ita a gadon wuta, gwangwaninta a gefen kai, kafin yamma ƙwayoyin sun narke sun zama dunƙule guda.

Har arba’in ana wankan, kullum ana cewa gobe. Ranar fita, aka yi mata kitso, aka ɗaura mata sabon zane, aka kama ta aka tsayar, aka saki. Ta zube.

Sun koma asibiti bayan sussuka, sai suka tarar likitan ya tafi ƙasarsu. Wanda suka samu ya duba katin, ya ba ta maganin ciwon jiki. Ko ruwan ne ya ƙarasa ta, ko dama ciwon ya zo da niyyar zama, ba wanda ya iya faɗa mata, ita ma ba ta ƙara tambaya ba.

Bitrus ya ɗauki galma ya fasa dokin ƙofar ɗakinta, don ta riƙa jan jiki ta fito tsakar gida. Gayaunar ya haɗe ta da gonarsa. Liatu ta koma ɓarar gyaɗa da kaɗi a gindin rumbu, tana aika ’ya’ya, tana yi wa masu wucewa tsiya kan yadda suke jan ƙafa kamar ba su karya ba. Tsohuwa ce ke kwashe mata bayan gida, har ranar da ita ma ta kwanta, kuma ba ta sake karɓar haihuwar kowa ba.

Shekara goma sha ɗaya Liatu ta yi a zaune. Matan da suka wanke gawarta sun ce tafin ƙafarta laushi kamar na jinjiri.