Sista a Gidan Takaba

Jiya na shiga gidan gwaggona Ya Falmata a Dala, na tarar da wata sistar Katolika zaune a kan tabarma, tana auna mata jini.

Gwaggo tana takaba, ko asibiti ta ƙi fita, ga hawan jini. Da sistocin da take karɓar magani a wurinsu suka daina ganinta a ɗakin shan maganinsu, sai suka yi cigiya har gida.

"Sista, kin sha rana saboda ni," in ji Gwaggo.

"Mama, mu ma sistocin coci zaman cikin katanga muke yi, mun san nauyinsa. Kin sha maganin safe?"

"Ya ƙare tun makon jiya."

Sista ta ciro wani daga jakarta.

Masu gaisuwa sun cika gidan nan da shinkafa, amma ita kaɗai ta tambayi magani. Ku in kun je gaida mai takaba, me kuke tambayarta?