Ranar da Aka Sa Yacouba Ya Kashe Injunan Iska

Shekara goma sha ɗaya Yacouba ya yi yana kula da injunan iska a saman wani dogon benen ma'aikata a Yamai. Injunan suna fitar da iskar da mutane suka shaƙa, su shigo da sabuwa, sanyin mai fita kuma ya rage wa mai shiga zafi kafin ta kai ga klim, na'urar sanyaya ɗaki. Kullum yakan ƙetaro gada daga unguwar Harobanda a kan moto, wato babur, ya wanke matatun iska, ya saurari ƙarar fanka. Yawancin ma'aikatan ba su san aikinsa ba.

Da aka kawo sabon patron, shugaban ma'aikatan, sai ya kira shi ya ce, "Malam Yacouba, ka kashe su. Kuran na lantarki kawai suke sha, klim ta ishe mu."

"Patron, tagogin ginin nan ba su buɗuwa."

"Na ji. Ka kashe."

Ya hau ya kashe. Bayan kwana huɗu ma'aikata suka fara gyangyaɗi tun da hantsi, kowa na kukan ciwon kai. Salima sakatariya ta same shi a bakin ƙofa ta ce, "Baba, patron ya ce ka kunna."

Bai tambaye ta dalili ba. A sama ya tarar tattabaru sun fara sheƙa a bakin bututun iska. Ya kwashe ciyawar, ya kunna injunan, sannan ya kifa bokiti ya zauna yana murza gwiwoyinsa. Sai da aka kira azahar ya sauko.