Yaron da Ke Tsoron Taka Ƙasa

Jikana ya haura shekara biyu lokacin da na sauka Gaithersburg, wani gari kusa da Washington, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ba ƙari na yi ba. Daga kafet sai kujerar mota, daga kujerar mota sai keken turawa. Ranar da na fara gwada dire shi a kan ciyawar ƙofar gida, sai ya naɗe ƙafafunsa sama kamar garwashi na nufa da shi, ya maƙale mini a wuya yana ta cewa "no, no". Na ce masa to maigida, da wannan tsoron za ka noma mini abin da zan ci? Maigida nake kiransa don tsokana, shi kuma ya ce mini Hajiya.

Uwarsa 'yata ce ta fari, shi ya sa ko a rubuce ba zan ambaci sunanta ba. Ita ta aiko mini da tikiti na baro Zariya don in riƙe mata yaro, saboda da ita da mijinta tun sassafe suke fita aiki cikin birnin Washington. Kafin in kwance akwati har ta gama kafa mini dokoki. Kada a buɗe taga, kada a ba shi abin da ba ita ta auna ba. Babbar dokar kuwa ita ce kada a fita da shi waje in ba ta nan, balle yanzu da sanyi ya fara leƙowa.

Ba zan zalunce ta ba, tana da dalili. Bakwaini aka haife shi, kuma a sanyin farko na rayuwarsa ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti da roba a hanci. Ni ta waya na ga abin, ita kuwa a kujerar gefen gadonsa ta gan shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma likitoci sun sallame shi tuntuni, sun ce ya warke sarai. Ita ce dai ba ta sallame shi ba.

Na yi haƙuri na 'yan makonni. Ni da maigida sai mu tsaya bayan gilashin falo muna kallon bishiyoyi suna canza launi, wannan ja, wannan ruwan goro, wancan ruwan ɗorawa. A wurinmu ganye in zai faɗi bushewa yake yi kawai, na can kuwa sai ya ci kwalliya tukuna. Wata safiya yaran maƙwabta suka tara ganye suna faɗawa ciki suna shewa. Maigida ya manna hanci a gilashi, ya bubbuga da tafin hannu, sannan ya waiwayo ya dube ni. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi shekaru ina koyar da 'yan firamare, na raini nawa na raini na wasu, ban taɓa ganin yaron da ya yi ƙwari a cikin kwalba ba.

Na sa masa rigar sanyi da hula da takalmi, na goya shi da zani, na tamke da majanyi. A jikin ƙofar gidan akwai wata 'yar kamara da ke nuna wa uwarsa duk mai shiga da mai fita a wayarta, har magana ana yi ta ciki. Akwai kuma ƙofar baya wadda ba ta da ido. Ban bi ta can ba, ni ba ɓarauniya ba ce. Na tsaya ƙyam a gaban kamarar, na gyara mayafi, na ce mata mun tafi shan iska.

Kafin in sauka matakala muryarta ta fito daga jikin bango. "Mama, don Allah ku koma ciki."

Na ce in ta dawo ma yi magana, na kama hanya.

A bayan gidajen akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ta bi cikin itatuwa ta kai wani ƙaramin tafki mai dinya. Can na kwance goyo, amma maigida ya ƙi sauka. Sai na zauna dirshan a cikin ganyen, da girmana da komai, na kamfato na watsa wa kaina. Wata baturiya mai jan kare ta tsaya tana tambayata ko lafiya, da turancinsu na hanci wanda har yau sai na kasa kunne sosai nake kamawa. Na ce mata lafiya lau, wasa muke yi. Maigida ya ƙyalƙyale da dariya, ya zamo kan cinyata, can ya miƙa ƙafa ɗaya ya taka. Ganyen ya yi ƙaras. Ya tsaya cak, ya sake takawa, ya kalle ni kamar shi ya ƙirƙiro sautin.

Daga ranar kullum sai mun fita, kuma kullum sai na tsaya gaban kamara na yi sallama. Ya koyi tsintar 'ya'yan wata bishiya masu 'yar hula a ka, yana cika aljihu da su suna rigima da kurege. Na ɗauko masa tsohon cokali daga kicin yana tonon ƙasa. Ya bi dinya da gudu, ranar da wata ta juyo ta yi masa huci ya dawo ya ɓuya a zanina, na ce kaico, mijin nawa ba jarumi ba ne. A hanyar dawowa mukan wuce gidajen da aka ajiye kabewa a bakin ƙofa, an fafe ta an yi mata ido da baki an bar ta tana ruɓewa. Ni dai miyar taushe kawai nake hangowa, ina jin takaici.

Da yamma kuwa gidan ba daɗi. Surukina mai kunya ne, da ya ga mun fara gardama ni da uwar yaron sai ya tuna yana da aiki a mota. Ita ta kawo maganar asibiti, ni in kawo maganar kumatunsa da suka fara cikowa da yadda yake cin abinci yanzu ba sai an bi shi da cokali ba.

Sai mura ta kama shi. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Na wuni ina ɗora kunne a bayansa ina sauraren numfashi, ina addu'a a zuci. Ta yi 'yan kwanakinta ta wuce kamar murar kowane yaro, amma kafin ta wuce uwarsa ta riga ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce ta samo gidan raino, kuma za ta matso da ranar tikitina na komawa gida.

Maganar ta soke ni. Na hau sama na haɗa kayana, na jawo akwatin na ajiye a tsakiyar falo. Na ce, "Gidanki ne, ɗanki ne. Ranar da kika ce in tafi zan tafi. Amma muddin ina nan, ba zan yi gadin kurkuku ba."

Akwatin ya zauna a wurin kowa yana kewaye shi.

Da maigida ya warware, na shirya shi kamar kullum, na goya shi, na tsaya gaban kamara na yi sallama. Na san tana kallo, don 'yar fitilar da ke jikin kamarar ta kama. Ina tsaye ina tunanin watakila fitarmu ta ƙarshe ke nan, sai maigida ya fara mutsu-mutsu yana son sauka. Na kwance shi. Ya sauka matakala da kansa, ya taka ciyawar nan da ya taɓa naɗe wa ƙafa, ya zaɓo wani jan ganye mai faɗi. Ya dawo ya miƙo hannu in ɗaga shi. A saninsa uwarsa a cikin 'yar kamarar nan take wuni, tunda daga nan yake jin muryarta. Ya manna ganyen a idon kamarar ya ce, "Mami, ga shi."

Can na ji uwarsa tana jan hanci, sannan ta yi gyaran murya.

"Mama, hular ba ta rufe masa kunnen hagu ba."

Na ja masa hular ta rufe kunnen. Ya ƙwace ya nufi hanyar tafki da gudu, ni kuma ina bin sa a baya da majanyi a hannu.